Washar da Ta Bi Baƙin Mai

A duk faɗin unguwar Takur babu wanda ya fahimci cikin injin mota kamar Malam Musaddiq. Shi da kansa ya tabbatar da haka ranar Asabar da safe, bayan ya kalli bidiyo a waya, ya sayo galan ɗin baƙin mai da sifana sabuwa fil.

"Daga yau ni da bakanike sai dai gaisuwa," ya ce wa matarsa Fiddausi.

Fiddausi ta riga ta sha ankonta, kuloli na jere a zaure. Ƙanwarta ta haihu a Aujara, yau suna, kuma ita ce babbar ya, ita ake jira ta raba wa mata abinci.

"Abban Hamida, kafin azahar fa nake so mu isa."

"Juyen mai ne kawai. Kafin ki gama ɗaurin ɗankwali na gama."

Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar, ya kwance notin ƙasan inji. Mai ya zubo baƙi wuluk cikin tsohon baho. Maƙwabcinsa George ya tafa masa. Nan da nan layin ya ji labari, don tsohon baƙin mai ba ya rasa masoya. Baba Jaji ya zo da gwangwani, gara ta addabi azarar ɗakinsa. George ya ɗiba zai shafe kejin kaji. Matan gidan baya suka aiko da jarka, za su zuba a masai saboda sauro. Malam Musaddiq yana ta rabo kamar mai fitar da zakka, kowa ya karɓa sai ya ce masa, "Allah ya amfana."

Da ya zo mayar da notin sai ya sake leƙa bidiyon. Baturen ciki ya ɗaga wani siririn zoben jan ƙarfe: washa. Ita ke zama tsakanin notin da inji ta hana yoyo. Malam ya dubi notinsa, tsirara yake. Ya dubi bahon, wayam.

"Jama'a! A dawo da man nan!"

"Oga, ashe aro ka ba mu?" in ji George, yana riƙe da ciki don dariya.

Aka shiga tacewa. Rariyar Fiddausi ta fara tafiya, matacin kokonta ya bi baya. An tace na George, babu. An tace na jarka, aka samu kyankyaso. Magidanta masu albashi sun durƙusa a bakin titi, hannu baƙi har gwiwa, duk wanda ya taɓo tsakuwa sai ya yi ihun ya samu.

"Abban Hamida, an kira azahar."

"Saura ƙiris."

Baba Jaji dai ya riga ya shafe nasa. George ya kawo tsani, aka bi azara ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya.

"Baba, wacce kuka fara shafawa?"

"Wadda garar ta fara ci mana."

Can a kusurwa aka ga washar manne, ta lanƙwashe. Aka yi kabbara, George ma ya taya. Baturen bidiyon yana tsakiyar cewa ba a mayar da tsohuwar washa, Malam ya kashe wayar.

"Ƙasarsu sanyi gare ta. Namu ƙarfen daban ne."

Aka daddake ta da dutse, aka ɗaura, aka zuba sabon mai. Kowa ya leƙa ƙasa. Ɗis. Aka jira. Ɗis.

"Ɗigo ai ba yoyo ba ne," in ji Malam Musaddiq, aka sake tafi.

A hanya sun yi ta tsayawa yana ƙara abin da ya rage a galan. Sun shiga Aujara mata na naɗe tabarmi, an wanke tukwane an kife. Malam ya zauna a ƙofar gida yana nuna wa surukansa baƙin farcensa, yana bayanin yadda ake juye.

A ciki, mahaifiyar Fiddausi ta dubi kulolin da suka huce, ta dubi 'yarta.

"Sai yanzu, Fiddausi? Har dangin mijin ƙanwarki sun tafi suna tambayarki."

Fiddausi ta durƙusa, ta sauke kulolin a hankali.

"Ki yi haƙuri, Inna. Ni ce na daɗe wajen shiri."