Injin da ke Ƙarƙashin Taga

Auta ta ƙara ɗaure waya ta ƙarshe, ta sauke murfin injin, ta miƙa wa mahaifinta makulli.

"Bismillah, Baba. Taka ce, kai za ka fara."

Baba ya goge hannu a jikin wando, ko da yake babu baƙin mai ko ɗigo a hannun. Ya shiga tsohuwar motarsa, wadda duk layin masu gareji suke kira Amarya, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa, ya karkata kai yana saurare.

"Ba ta tashi ba."

"A kunne take fa. Dubi koriyar fitilar nan."

"Oho," in ji shi. "Wato yanzu da ido ake jin mota."

Auta ta yi dariya, shi kuwa bai taya ta ba. A gajiye yake, irin gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Tun yana saurayi da kunne yake cin abinci. Mota na shan kwanar layin zai ce fulogi ne, ko ya ce kafireto ce, kuma da wuya a same shi da kuskure. Amma zamani riga ne. Kayan gyaran tsofaffin motoci sun yi wuyar samu, masu su suka fara kawo su a cire inji a zuba batura, Auta kuwa abin da ta karanta ke nan. Da hannunta garejin ya farfaɗo. Shi dai ya zama mai cire inji ya ajiye a gefe, kamar mai wankan gawa.

Na Amarya ne kawai ya hana a taɓa, har ranar da jikin injin ya tsage, ruwa ya haɗu da mai. Ya yi walda, ya yi liƙi, ya bi garejoji yana cigiyar irinsa, a banza. Da safen nan ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya zo da a-kori-kura ya ɗauke shi. Baba bai ko fito ya ga tafiyarsa ba.

Abin da ke cin ransa yana gida. Matarsa ta daɗe da fara mantuwa. Ta manta sunayen jikokinta, ta manta hanyar banɗaki, a ƙarshe ta manta fuskarsa. Sai dai kullum da yamma, in Amarya ta shigo tana gurnani ta tsaya a gefen ɗaki, sai matar ta ɗaga kai ta ce ya dawo. Daga nan har ya gama cin abinci mijinta ne, tana yi masa faɗa a kan ƙazantar riga. Tun da motar ta kwanta yake komawa gida a bas, kuma tun ranar ya zama baƙo a gidansa. Tana gaishe shi da ladabi, tana jan mayafi.

"In ta ga motar za ta gane," in ji Auta, tana zama kusa da shi. "Ko fentin ban taɓa ba."

"Allah ya sa."

Suka hau titi. Kai, mota ta yi ƙarfi, wannan ba a musu. Tudun da a da sai ya sauya giya yana lallashinta, yau ta haye shi kamar an turo ta. Amma mutane ba sa kaucewa, don ba sa jin zuwanta. Wani mai tura baro ya juyo ya gan su a bayansa, ya dafe ƙirji ya yi salati. Baba kuma ya riƙa jin abubuwan da injin ya ɓoye masa shekara da shekaru: kukan kujera, ƙarar ƙofa, har da numfashinsa.

Ya tsaya a inda ya saba, gefen bangon ɗakin matarsa. Ta taga yana hango ta a kujerarta, hannayenta a kan cinya. Ko motsi ba ta yi ba.

Ƙanwarta, wadda ke jinyarta, ta kamo ta a hankali suka fito. Matar ta dubi motar daga gaba har baya, ta shafa ƙofar.

"Ma sha Allah. Ta wace ce?"

"Taki ce, ranki ya daɗe," in ji Baba. "Amarya ce. Kin manta ranar da ta mace mana a tsakiyar gada, kika cire takalmi kika tura?"

Ta yi masa murmushin da ake yi wa baƙo mai yawan surutu.

"Ka yi haƙuri, malam, maigidan bai dawo ba. Ko za ka zauna a kawo maka ruwa?"

 Baba ya zauna a bakin matakala.

Auta ba ta karɓar kaye da wuri, halin uwarta ne. Ta zaro waya, ta lalubo wani tsohon bidiyo da ta ɗauka Amarya na aiki, ta ƙure ƙara, ta kai kusa da kunnen mahaifiyarta.

"Umma, saurara. Wa ya dawo?"

Matar ta yamutsa fuska ta kau da kai. "Ku kashe rediyon nan, kaina ke ciwo."

Aka mayar da ita ɗaki. Ƙanwar ta dawo ta tsaya a kansu, ta riƙe ƙugu.

"Ku da iliminku, kun sha wahalar banza. Yaya ai kunnen nata ya yi nauyi tuni. Ba ƙarar take ji ba. Gilashin can ne." Ta nuna tagar da baki. "Wanda ke lilo ɗin nan, da kake cewa gobe za ka gyara tun Auta na goye. In motar ta tsaya a nan sai ya kama rawa, har kujerarta takan ɗauka. Ni da nake wuni da ita na sani."

Baba ya dubi gilashin. Ga shi nan a karkace, gefe ɗaya babu abin riƙe shi. Gidan bakanike ke nan, komai na mutane a gyare, nasa na jiran gobe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Ba ni makullin."

Sun tarar ɗan gwangwan na shirin rufe fili. Injin na can cikin tulin ƙarafa, an jingina masa wata tsohuwar firji. Mutumin ya saurari Baba, ya sosa ƙeya.

"Baba, tun da nake sana'ar nan ban taɓa ganin wanda ya biyo gawa maƙabarta ya ce a ba shi abarsa ba."

"To yau ka gani. Ɗora min shi."

Rana ta yi ja lokacin da a-kori-kurar ta sauke injin a gefen bango, daidai ƙarƙashin tagar. Suka ɗora shi kan tsohuwar taya, suka tokare da katako. Baba ya jawo batir, ya rataye gorar fetur a ƙusa, ya zura tiyo. Hannuwansa suka yi baƙi har gwiwar hannu. Auta na miƙa masa sifana ba tare da ya tambaya ba, amma fuskarta babu walwala.

"Baba, ka san babu ruwa a ciki. Ba zai jure ba. Duk tashin da zai yi, daga kwanansa ake cirewa."

"Na sani."

"In ya ƙone fa? Babu wani irinsa."

"Auta, ni na haɗa shi. Taɓa wayar."

Ta taɓa. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Ta sake. Ya yi tari biyu, ya tofar da baƙin hayaƙi, sai ya kama. Ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu, gilashin ya fara kaɗawa, kar-kar-kar. A cikin gurnanin, kunnen Baba ya tsinto wata ƙwanƙwasa can ƙasa, siririya, wadda babu ita a da. Ya san ma'anarta sarai. Ba don ita ya zo ba.

Daga cikin ɗaki murya ta taso, da ƙarfinta, da tsiwarta.

"Kai dai wallahi sai ka fasa min gilashin nan hankalinka zai kwanta!"

Baba ya yi wa Auta alama da hannu ta ɗan jira, ya zagaya ya shiga da sallama. Matar ta dube shi sama da ƙasa, ta tafa hannu, ta kamo hannun rigarsa.

"Dubi riga! Ni dai na gaji da wanki. Ina ka tsaya tun ɗazu? Wani bawan Allah ya zo nemanka, ya yi ta zama."

"Aiki ne ya riƙe ni, ranki ya daɗe."

A waje injin ya mutu. Gilashin ya tsaya. Amma matar ba ta saki hannun rigarsa ba.

"Yaushe za ka gyara min tagar nan?"

"Gobe."

"Gobe, gobe. Zauna ka ci abinci, tsohon banza."

Ya zauna a gefen kujerarta, hawaye na bin kumatunsa, bai share ba don hannun duk mai ne. Auta ta leƙo daga bakin ƙofa, ƙaurin ƙarfe mai zafi ya biyo ta.

"Baba, ya yi zafi ƙwarai," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka ji ƙwanƙwasar?"

"Na ji. In ya huce ki rufe shi da tamfol, kada raɓa ta taɓa shi. Gobe ma zan dawo gida."