'Yan Amshi Biyu

Shekara arba'in da ɗaya Goulven yana hawa dandamali a bikin waƙoƙin gargajiya na Porsmelen, amma bai taɓa sanin inda ake karɓar takardar shiga ba. Wannan aikin wansa Youenn ne. Youenn ke magana da masu shirya biki, shi ke riƙe lokaci, shi ke zaɓen waƙa. Goulven nasa kawai ya goge takalmi ya bi baya. To, bana Youenn yana kwance a maƙabartar coci tun watan Fabrairu, sai ga dattijo ɗan shekara saba'in ya ɓata a garin da aka yanke masa cibiya.

An ce masa rawar ƙarfe uku a bakin teku za a yi, inda jiragen masunta ke tsayawa. Ya je, ya tarar da hayaƙin gasa kifi da baƙi masu ɗaukar hoto, babu dandamali ko na magani. Wata mata mai rigar masu aikin biki ta kama hannunsa ta ɗaura masa wata shuɗiyar takarda a wuyan hannu.

"Wannan fa? Asibiti za a kwantar da ni?"

"Shaidar mawaƙa ce, Baba. An mai da rawar zuwa rumfar gwanjon kifi saboda hadari. Ba a faɗa maka a waya ba?"

Wace waya? Wayar tana aljihun tebur a gida, a kashe tun ranar jana'iza. Ya juya, ya kutsa cikin masu busa da masu layin fanke, ya bi ta bayan shagon igiya don ya yanke hanya, ya tarar an toshe lungun da motar sayar da giyar tuffa. Sau biyu yana fitowa gaban coci. Ikon Allah!

A ƙofar rumfar ya iske Katell, 'yar marigayin, tana ta leƙe. Ma'aikaciyar jinya ce a birnin Rennes, ta tuƙo mota tun safe. Masu biki ne suka roƙe su su hau tare don tunawa da mahaifinta, su duka kuwa suka amsa ba tare da sun zauna sun gwada waƙar ko sau ɗaya ba. Me za a zauna a yi? Waƙoƙin gida ne.

"Baffa! Ina ka shige? Saura mu kawai."

"Garin ne suka juya shi. Wacce za a yi?"

"Ta matar da ta sayar da jirgin mijinta. Ita Baba ke rufewa da ita."

"Madalla," in ji Goulven, hankalinsa ya kwanta.

Waƙar rawa a nan mutum biyu ke yin ta, ba kiɗa ba busa. Ɗaya ya ba da layi, kafin ya kai ƙarshe ɗayan ya shigo a kan kalmomin ƙarshe, ya maimaita layin. Kafin shi ma ya dire, mai bayarwa ya shigo ya kawo na gaba. Murya ba ta yankewa ko na numfashi ɗaya, domin a kanta ƙafafun masu rawa suke tafiya. In ta yanke, rawa ta mutu, kuma abin kunya ne da ake ba da labarinsa shekara da shekaru. Youenn mai bayarwa ne, Goulven ɗan amshi. Haka suka taso, haka suka tsufa.

Suka hau. Mutum ya kai ɗari uku a ƙasa, an yi zobe, kowa ya saƙala ƙaramin yatsansa a na maƙwabcinsa. Aka ambaci sunan Youenn, aka yi tafi. Goulven ya dafa kafaɗar Katell, ya sunkuyar da kai, yana jiran layi. Shiru. Ya ɗaga ido, ya ga ita ma kanta a sunkuye.

"Fara mana," ya ce da ita ƙasa-ƙasa.

"Ni? Kai ne babba, Baffa."

"Ke ce 'yarsa. Gurbinsa naki ne."

"Haba Baffa! Ni amshi kawai na iya. Faifan Baba nake sawa a mota, yana bayarwa ina amsawa."

Sun manta lasifika a buɗe take. Rumfa ta kwashe da dariya, wasu suna zaton wasa ne aka shirya. Goulven kuwa gumi ya keto masa. Ya lalubi farkon waƙar a kansa, wayam. Wannan waƙar ya yi ta ya fi sau dubu, amma bai taɓa furta kalma ɗaya a cikinta ba sai ya ji ta daga bakin wansa. Ashe duk shekarun nan ba waƙar ya haddace ba, Youenn ya haddace. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar teku: ranar karrama wansa, shi zai kashe rawa a gaban gari.

Katell ta matse masa hannu, ta ɗauko sharar fagen nan da ake yi kafin magana ta shigo, tra-la-la-leno, wadda ba ta da kalma ko ɗaya. Goulven ya cafke, ya maimaita. Ƙafafu suka fara dukan siminti, zobe ya motsa. Ta sake, ya sake. A ƙa'ida sau biyu ake yi a shiga waƙa. Suka yi huɗu. Suka yi shida. Kowa yana tura wa ɗan'uwansa, kamar masu miƙa wa juna tukunya mai zafi.

"Goulven!" wani tsohon masunci ya kwaɗa masa kira daga cikin zobe. "Kun ci maganar ne da fanke? A ba mu waƙa mana!"

Goulven ya rufe ido. Katell ta zo ƙarshen leno na bakwai, ya shigo a kan wutsiyar kamar kullum. Sai ga muryar Youenn ta fito daga lasifika, garau, da wannan 'yar kaushin tata, ta ba da layin farko.

Kai, Allah ya yi wa wanda ya sa faifan nan albarka! Haka Goulven ya raya. Ya ja numfashi zai amsa, sai ya ji Katell ta riga shi. To shi kuma aikin me zai yi a nan? Bai gama wannan tunanin ba layi na biyu ya zo, daga lasifikar dai, kuma abin mamaki ƙirjinsa ne ke ƙarewa da iska, bakinsa ne ke bushewa. Ya rasa gane kan abin, ya kuma ji tsoron bincike, kada ya taɓa wani abu ya lalace. Ya bar idonsa a rufe. A cikin waƙar, matar ta sayar da jirgi, ta sayi shanu, shanun suka ƙi cin ciyawar bakin teku, har baiti ashirin da biyu, siminti yana amsa ƙafa ɗari shida.

Da suka dire tare, tafi ya cika rumfa har tsuntsayen teku suka tashi daga rufi. Katell ta rungume shi tana kuka.

"Wa ya sa faifan?" ya tambaye ta.

"Wane faifai?"

"Na babanki. Ai na ji shi."

"Babu wani faifai, Baffa. Kai ne. Tun daga farko har ƙarshe kai ne."

Ya tsaya yana kallonta, baki buɗe. Mutane suna ta miƙo hannu daga ƙasa, bai ga ko ɗaya ba. Abin da ya faɗo masa shi ne bikin bara, a bayan dandamali, Youenn ya jingina da bango yana tari, ciwon huhu ya riga ya cinye shi. Ya ce, "Ƙanena, yau ka bayar, ni in amsa. Nemo layin nan yana ƙarar da ni." Goulven kuwa ya ce, "Rufa mini asiri, ka san ban iya ba." Youenn ya goge baki, ya hau ya ja baiti ashirin da biyu.

Goulven ya zauna a bakin dandamali, ƙafafunsa suna reto.

"Sau ɗaya tak ya roƙe ni," ya ce. "Ashe na iya, Katell. Ashe na iya."