Albasar Cha'ibu da injin da ba ya faɗin ciwonsa

Ni dai jikata Nuriya ta ishe ni. Tun da ta dawo daga karatu a Yamai ta ƙera wa ƙungiyar masu kamiyo, wato manyan motocin kaya, na Gaya wata aplikasiyo a waya, wai kowa ya sa sunansa, a riƙa kiransu bi da bi su haye gada zuwa Malanbil. Kowa na wucewa ban da Cha'ibu maƙwabcinmu. Ya yi lodin albasa, ya sa suna, waya ta ce masa "Komai lafiya", amma kira shiru. Albasa kuwa ta fara wari har cikin zaurenmu.

Na san Amadu shugaban ƙungiya ba ya shiri da shi tun rigimar fili, sai na ɗan tsegunta wa Zalika mai ƙosai cewa shi ke danne sunan. Kaɗan fa. Kafin azahar Cha'ibu ya ci kwalar Amadu a tasha.

Suka zo gidanmu su biyu suna haki. Nuriya ta buɗe ordinatar ɗinta, wato kwamfuta, tana gumi.

"Kawu, ban ga komai ba," ta ce wa Cha'ibu. "Na tsara abin ne in ya samu matsala ya yi shiru, kar ya tsorata mutane."

Na ce, "Ke 'yar nan! Gaisuwar majinyaci kika koya wa inji? Yana mutuwa yana cewa da sauƙi?"

"Kaka, don Allah ki bar ni."

Ta zauna ta sa injin ya riƙa rubuta duk inda ya yi tuntuɓe, da lokacin da ya yi, wai shi ne jurnal. Na jawo kujera kusa, don na tabbata sunan Amadu zai fito. Ta ce Cha'ibu ya sake gwadawa. Sai ga jan rubutu. Ashe 'yar ƙugiyar nan da ke tsakiyar sunansa, tsakanin harafin a da na i, ita ke shaƙe injin.

"To cire ta mana," in ji Amadu.

"Sunan da aka yanka min rago?" Cha'ibu ya daka masa tsawa. "Kai a cire maka d ɗinka mu gani, Amau!"

Nuriya ta ce gyaran sai gobe, dole ta gwada tukuna kar ta ɓata na sauran direbobi. Cha'ibu ya leƙa ƙofar gida, inda ƙudaje ke zagaye kamiyonsa. Ya ja tsaki, ya rubuta Chaibu. Nan take wayar Amadu ta yi ƙara, sunan ya shiga layi.

Da la'asar ya haye gada, bayan ya zubar da buhunan albasa na can ƙasa da suka ruɓe, yana zagin kowa har da ni da ban yi masa komai ba.