Takardar Hoton Ciki a Ƙasan Akwati

Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. Haka na taso na gani a Aujara, haka na yi. In ina nemanta sai in ce, "Ina yarinyar nan?" In ta gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Ban taɓa ganin aibin abin ba sai bana.

Tana aure a Takur, cikin Dutse, gidan wani Kamilu mai gyaran waya. Da cikinta na fari ya shiga wata bakwai, aka kawo ta goyon ciki kamar yadda aka saba: ta haihu a ɗakin uwarta, ta yi wankan jego, sannan ta koma. Kamilu ya durƙusa a zaure, ya ajiye akwatinta, ya tafi. Surukina ne, ban kalle shi ba, bai kalle ni ba.

Sati biyar tana gidana. Ranar wata Laraba da hantsi ina zuba wa shanun huɗa harawa, sai ga matata Fatsuma da ambulan.

"Malam, maganin ƙarin jinin yarinyar nan ya ƙare. Ga takardun asibitinta na tono a ƙasan akwati, ban san wacce ce ta maganin ba."

Ni karatuna bai wuce allo da aji uku na firamare ba. Na kwashi ambulan ɗin gaba ɗaya na kai wa Sale mai kemis a bakin kasuwa. Ya zazzage. A ciki akwai wani hoto baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, manne da takarda. Ya karanta, ya sake karantawa, ya cire tabarau.

"Baba Gwadabe, ina mai takardar nan?"

"Tana gida."

"Wane gida?"

"Gidan ubanta mana. Wani kake so ta je?"

"Baba, wannan hoton ciki ne, sikanin. Mabiyiya ce ta sauko ta tare hanyar da ɗan zai fito. Ga shi an rubuta, har an ja layi da jan biro: kada ta haihu a gida, ta dawo bayan sati biyu, in ta ga jini ko ɗigo ɗaya ne a kai ta nan take. In naƙuda ta kama ta a ɗaki, jini ne zai ɓalle. Kafin ku samo mota an gama."

"Yaushe aka rubuta?"

"Sati shida ke nan."

A nan tsaye na sa Sale ya nemo min lambar Kamilu a wayata, na kira shi.

"Baba, ina kwana, an tashi la..."

"Riƙe gaisuwarka. Da kuka je hoton nan, me aka ce maka?"

"An ce in sha Allahu namiji ne, Baba."

"Sai kuma me?"

"To... sun yi wasu bayanai. Kun san mutanen asibiti da tsoratarwa. Hajiyarmu ta ce haihuwar fari a gida ake yin ta."

"Wato ka shiga ɗakin, aka ɗora injin a cikin matarka, aka nuna maka rai biyu, kai ba abin da ya shiga kunnenka sai namiji? Ragon suna ka je dubawa? Ka kawo min 'ya da takardar mutuwarta a ƙasan zannuwa, ka durƙusa min a zaure kamar mutumin kirki!"

Mutane sun fara tsayawa a ƙofar kemis, don ba a taɓa jin suruki yana yi wa suruki haka ba. Ban damu ba.

Da na shiga gida, yayata Ummi na zaune a tsakar gida tana gyaran zogale. Ita ce ungozomar unguwarmu, kullum sai ta leƙo. Na wuce ta, na tsaya a ƙofar ɗaki.

"Khaulat!"

Fatsuma ta saki taɓarya. Yaya Ummi ta dafe ƙirji.

"Gwadabe, ka zautu ne? Da furfurarka?"

Yarinyar ta fito cikin hijabi, tana ƙoƙarin ɓoye cikin da duk garin ya sani, ta durƙusa da ƙyar.

"Kin ji abin da malamar asibiti ta faɗa ranar hoton nan?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin ga jini?"

Yaya Ummi ta saki salati. "Uba ne yake tambayar 'yarsa wannan? Duniya ta zo ƙarshe!"

"Da ke nake, Khaulat."

"Shekaranjiya, kaɗan," in ji ta, kanta a ƙasa. "Da yau da safe."

"Kin gaya wa uwarki?"

"Kunya nake ji, Baba."

Wannan kalma ta fi maganar Kamilu ƙona min rai, don ni na koya mata. Ni da Fatsuma. Shekara ashirin da ɗaya muna nuna mata cewa ɗiyar kirki ba ta buɗe baki gabanmu, ga shi ta iya har tana neman mutuwa da shi.

"Sa takalminki," na ce.

Yaya Ummi ta miƙe ta tare hanya. "Ba inda za ta. Ni na yanke cibiyarta, ni zan yanke ta ɗanta. Rabin yaran unguwar nan a hannuna suka faɗo, ba injin da ya leƙa cikin uwayensu."

"Yaya, idonki yana ganin abin da ke cikin ciki? Safiyatu ta bayan masallaci fa, da jini ya kwashe ta bara kina riƙe da ita? Ita wa ya leƙa?"

Tun ina yaro ban taɓa mayar mata da magana ba. Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta, ta fice ta bar zogalen.

Ɗan'inna direba ya kai mu Dutse kafin azahar. Aka sake ɗaukar hoton, aka ce mabiyiyar tana nan inda take, ba ta gusa ba. Suka ba ta gado. Kwana tara ina zaune a barandar asibitin, gero ya isa girbi a gona, na bar wa tsuntsaye. Rana ta goma da safe jinin ya taso da ƙarfi, suka shiga da ita aiki a guje. Jini leda biyu aka ƙara mata, ɗaya daga hannuna aka ɗiba.

Ta rayu. Ɗan ma ya rayu.

Kamilu ya same ni a barandar, auduga na manne a hannuna, bakinsa har kunne.

"Baba, ai kun gani, hoton bai yi ƙarya ba. Namiji ne!"

"Bai yi ƙarya ba," na ce. "Abu biyu ya faɗa maka. Ka ɗauki wanda za ka yi alfahari da shi a majalisa. Matsa min daga nan."

Har yau Yaya Ummi ba ta cin abincin gidana. A kasuwa kuma ana nuna ni, wai ga wanda ba ya kunyar 'yar fari. Su yi ta nunawa. Kullum da safe ina tsayawa ƙofar ɗakin in ce, "Khaulat, ina ke miki ciwo?" kuma ba na gusawa sai ta ɗago kai ta ba ni amsa.