Irin Jar Kanwa

A shekara ta biyu ta fari, lokacin da mutanen Damagaram suka fara tonon gidan tururuwa neman hatsi, wata mota ta tsaya a Jan Kwari, gabas da Mirriya. Wani saurayi mai tabarau ya fito da akwati cike da kwalabe, babu komai a cikinsu. Da buhun dawa ya sauke, da tuni an yi masa shimfiɗa. Amma kwalabe? Kowa ya kama bakinsa, ya buɗe ido.

Sunansa Alkasum, ɗan birnin Zinder ne, yana karatu a Yamai. Ya gaya wa maigari Illa cewa jan ruwan kanwa yake nema. Illa ya nuna masa inda kwarin yake a da. Yanzu tudun yashi ne ya hau kansa, ya fi tsawon mutum uku. Amma bakin mutane ba ya ajiya: kafin azahar an tsegunta masa cewa tsohuwa Kande tana da iri.

Masu kanwar Jan Kwari suna da wata al'ada. Idan aka haƙa rami ruwan kanwa ya taru, ba a barinsa haka. Sai an zuba masa ludayi guda na jan ruwan bara, shi ake kira iri. Bayan kwana tara ramin ya yi ja, jar kanwa ta kwanta, wadda fatake suke zuwa nema tun daga Kano. Kande ta gaji nata daga uwarta, uwarta daga kakarta. Da yashi ya ci kwarin, kowa nasa ya ƙare, sai nata a tukunyar ƙasa, bayan rumbun da ba hatsi. Ta sa a ranta cewa ranar da ruwa ya dawo aka tone kwarin, daga tukunyarta garin zai tashi. Ɗanta ya tafi cin rani, ya bar mata matarsa Bintu da tsohon ciki, amma ko Bintu ba ta taɓa murfin tukunyar nan.

Alkasum ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata. Wannan ma bai kwanta mata ba, don ta san mai neman abu ya fi kowa iya gaisuwa. Ya yi mata bayani cewa jan nan ba launi ba ne kawai, wasu halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, suna rayuwa a ruwan da ko jaki ba ya sha. Ya ce Nasara suna shirin aika na'ura wata duniya ja da ake hangowa cikin taurari, busasshiya ƙayau, su duba ko akwai mai rai. Wanda ya san yadda halitta take jure kanwa da rana a nan, in ji shi, zai san abin da zai nema a can.

Kande ta dube shi sama da ƙasa. Mutane suna binne 'ya'yansu, shi yana neman mai rai a tauraro. Mai wannan magana ko mahaukaci ne ko maƙaryaci, kuma takalminsa ba na mahaukaci ba ne. Illa ya riga ya raɗa mata cewa a arewa ma haka aka fara, da masu tsintar duwatsu, daga baya aka kewaye wurin da waya. Ta ce a ranta, ruwa ba ya tsami banza.

"Inna, rabin kwalba kaɗai nake so," in ji shi.

"To, mushe," in ji ta, yadda ake kiran 'yan boko a nan, "ka dawo bayan la'asar."

Yana juya baya ta ɗebo ruwan rijiya, ta jiƙa karan dafi, ta watsa gishiri, ta motsa har ya yi ja kamar na gaske. Ta ji daɗin kanta ƙwarai. Ai ba yau aka haife ta ba.

Da ya dawo, ya kafa wani madubi mai ƙafa a gindin gawo, ya ɗiga ruwan, ya kanga ido. Ya daɗe. Sannan ya shinshina kwalbar, ya yi ɗan murmushin da ya ɓata wa Kande rai. Abin da ba ta sani ba, ubansa baduku ne a birni, cikin rinin fata da karan dafi ya girma. Bai tona ta ba. Ya fara wata magana kan yadda ya kamata ta kula da tukunyar, ita kuwa ta katse shi da cewa tana da aiki, ta shige ɗaki. Ya yi godiya ga zana, ya hau mota ya nufi ƙasar Manga, can gabas.

Bazara ta zo da zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Kande takan ƙara wa irin ruwa kaɗan-kaɗan, to amma zazzaɓi ya kwantar da ita kwana goma sha biyu, Bintu kuma ta kiyaye dokar murfi. Ranar da ta miƙe ta leƙa, sai ɓawon kanwa busasshe manne a gindin tukunya. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar mutuwar mijinta. Har ta yi zargin idon mai tabarau ne ya kama abin.

A makon nan Bintu ta haihu. Mai jego ba ta yi sai da kunun kanwa, garin kuwa na masu kanwa ne amma babu ko ƙwaya. Kande ta ce abin da ya mutu ya mutu, gara ya yi wa mai rai amfani. Ta kankare ɓawon tas, ta daka, ta dama kunu da ɗan geron taimako. Bintu ta sha kwana huɗu, nono ya zo. Tukunyar kuma babba ce, sai ta ɗora ta a murhu don ruwan wankan jego.

Ana kwana ashirin da haihuwa, da hantsi, motar ta dawo. Alkasum ya rame, ya yi baƙi. Illa ya riga ya gaya masa a hanya cewa irin ya bushe, amma ya shigo fuskarsa a sake, abin da ya ƙara wa Kande zargi. Wane irin mutum ne yake zuwa ta'aziyya da fara'a?

Ya fito da kwalba biyu. A ɗaya akwai busasshen ɓawon kanwa da ya tsinto a wani kwarin Manga da ya shekara uku ba ruwa. Ɗayar kuma, in ji shi, ɓawon nan ne ya jiƙa da ruwan gishiri ya ajiye a rana. Kande ta karɓa ta ɗaga, sai ga ruwan ja wur. Ta buɗe ta shinshina, ta ɗanɗana a harshe, don ita ta san yadda ake ha'inci da ja. Wannan ba karan dafi ba ne. Warin nan ta san shi tun tana goye.

"Ba mutuwa suke ba, Inna, barci suke cikin kanwar," in ji shi. "Shekaru suna iya yi a haka. Abin da na so in gaya miki ke nan wancan zuwan. Naki yana nan da ransa, ruwa kawai yake jira."

Kande ta ajiye kwalbar a hankali.

"In an tafasa fa?"

"Wuta kam kashe su take yi." Ya gyara tabarau. "Ba sai kin ba ni ba. Ki nuna mini tukunyar kawai, in koya miki yadda za ki tashe su. Ko ɓurɓushin da ya maƙale a jikinta ya isa."

Kande ta juya ta dubi tsakar gida, shi ma ya bi idonta. Tukunyar tana kan murhu, wuta ta baƙanta gindinta, ruwan wankan Bintu yana ta tafasa a ciki.