Fensirin Baba da Ƙofar Ɗakin Rijiya

Duk Asabar bayan abincin rana mukan kwashe kwanuka daga teburin falo mu sauka rami. Ramin ba ya ko'ina sai a takarduna. Tsohon birni ne da ƙasa ta haɗiye, hawa uku zuwa ƙasa, cike da ɗakuna da tarkuna da dodanni. Ni na zana shi tun ina jami'a. Nakan zauna a bayan wani kwali da nake tsayarwa don kada a ga taswirata, in faɗi abin da ke gabansu, su faɗi abin da za su yi, dayis irin na ludo ya raba gardama. A waje, ko gaishe da maƙwabta sai na yi shiri. A bayan kwali kuwa ni ce Mai Rami.

Su uku ne masu shiga. Yayana shi ne mayaƙi. Gwaggo, yayar Baba, ɓarauniya ce. Ta ce ta yi shekara talatin tana koya wa yara gaskiya a aji, yanzu lokacin hutunta ne. Baba shi ke riƙe fitila a cikin labarin, a kan tebur kuma shi ke zana musu taswira.

Dokar wasan ita ce ba na nuna tawa taswirar, ba na gyara tasu, ba na kuma canza ramin don wani. Abin da na faɗa shi za su ji, su zana. Baba tsohon safiyo ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon filaye, saboda haka aikin ya faɗo gidansa. Idan na ce taku arba'in, sai ya fara rubutawa a ƙaramin littafinsa, sannan ya ja layi a kan takarda mai gida-gida, kowane gida taku goma.

Wata takwas da suka wuce jini ya hau masa, ɓarin jikinsa ya ɗan taɓu. Ya samu sauƙi, sai dai hagu da dama sun fara yi masa gardama. Da kansa ya miƙa wa Yaya makullin mota. Ranar da ya dawo tebur, ya feƙe fensirinsa a hankali ya ce, "Duk ranar da taswirata ta ɓatar da ku, na ajiye wannan. Ba na son a lallashe ni."

Mun san shi, idan ya ajiye fensirin ba zai sake zama da mu ba.

Wannan Asabar suna hawa na uku, a wani sashe da ba su taɓa shiga ba. Na ce, "Hanya ta miƙe taku arba'in, sannan ta karya hagu." Ta saman kwali na ga hannunsa ya yi gida huɗu, ya tsaya, ya karya dama. Na buɗe baki na rufe. Doka ce.

Daga nan komai ya bi kuskuren. Suka wuce ɗakuna biyu, Gwaggo ta buɗe akwatin azurfa ba tare da allurar guba ta same ta ba, ta yi ta yabon kanta. A cikin faranti saura tsinken ashana shida. Kowane tsinke man fitila ne na minti goma a rami, idan suka ƙare duhu ne, kuma a duhu ba a fita.

Suka iso wata ƙofar ƙarfe.

Baba ya ƙirga gidaje da bakin fensir. "A zanena, bayan ƙofar nan ɗakin rijiya ne. Daga can zuwa matakala tsinke biyu."

"To mu fasa," in ji Yaya.

"Kai komai fasawa, Mai Diga," in ji Gwaggo. Sunan da take kiransa ke nan tun bara. "Bari in sha shayi tukuna. Ɓarawo ba ya aiki da busasshen maƙogwaro."

Suka tashi zuwa kicin. Na dubi tawa taswirar. Ƙofar ba ta kusa da ɗakin rijiya ko kaɗan. Bayanta gangara ce mai santsi zuwa kududdufin dodo, kuma wanda ya sulala ba ya hawowa da tsinke shida. Za su mutu a can, su gane dalili, Baba ya ajiye fensir.

Ina jin ƙarar cokali a kofi na ɗauki roba. Na goge hanyar, na juya ta dama, na goge ɗakunan biyu na mayar da su inda ya sa su, na manna ƙofar a bangon gabas na ɗakin rijiya. Shekara shida ban taɓa layi ɗaya ba. Cikin minti uku na gama.

Da suka dawo Gwaggo ta ajiye mini kofi ta gefen kwali, tana kau da kai kamar mai tsoron ganin sirri.

"Na sa kunne a ƙofar," ta ce.

"Kina jin ɗigar ruwa."

"Na buɗe."

Ta jefa dayis, ya ba ta. Na ce, "Ƙofar ta buɗe. Ga rijiya a tsakiyar ɗaki, ga guga da igiyar da kuka bari bara."

Yaya ya buga tebur. "Baba, hannunka na nan!"

Baba bai yi murmushi ba. Ya jawo jakarsa, ya fito da littafin bara, ya lashi yatsa yana buɗe shafi.

"Mai Rami, ta wane bango muka shigo?"

"Na gabas."

"Na gabas." Ya gyara tabarau ya karanta. "Ɗakin rijiya, bangon gabas. Mayaƙi ya haƙa da diga taku goma yana neman ɓoyayyar taska. Dutse ne zalla. An yi asarar tsinke huɗu."

"Ai ba a manta mini ba," in ji Yaya.

"Wa zai manta?" in ji Gwaggo. "Ni na riƙe maka riga."

Baba ya rufe littafin. "Tun da na ƙirga na san akwai matsala. Awo idan ya zagayo dole ya rufe a inda ya tashi. Nawa ya kawo ƙofa inda babu ƙofa. Na ce bari a buɗe in gani, idan rami ya ƙaryata ni sai in nemo inda na kauce. Sai rami ya gaskata ni." Ya dube ni ta saman tabarau. "Auta, garin roba ne a hannun rigarki."

Na duba. Yana nan, baƙi-baƙi, har gwiwar hannu. Na sunkuya a bayan kwali.

"Mayar da shi yadda yake," ya ce, ba da faɗa ba. "Na taɓa ganin an matsar da dutsen iyaka don a faranta wa mai fili. Bai taɓa ƙarewa lafiya ba."

Na mayar. Alamar tsofaffin layukan tana nan a jikin takarda, na bi ta. Shi kuma ya buɗe littafin yau yana bi da yatsa, layi ɗaya a littafi, layi ɗaya a taswira. Fanka na juyawa. A layi na tara yatsan ya tsaya.

"Arba'in, hagu," ya karanta. "Kunne ya ji daidai, hannu ya yi nasa."

Ya ɗauki fensirin ya ajiye a gaban Yaya.

Yaya ya janye hannayensa ƙarƙashin tebur. "Ni? Baba, ni da ko gidanmu sai na tambaya."

"Safiyo," in ji Gwaggo, "kada ka kawo mana rigima. Cewa ka yi ranar da ta ɓatar da mu. Wa ya ɓata? Yarinyar nan ce ta ɗauke ɗaki ta kai wani wuri, kai ka kama ta."

"Da ba ta taɓa ba, da mun buɗe ƙofar," in ji Baba.

Duk suka juyo gare ni, don ni ke yanke hukunci a tebur.

"Ƙofar da kuka buɗe ba ta cikin ramin, saboda haka ba ku buɗe komai ba. Kuna tsaye a gaban ƙofar ƙarfe, a rufe take. Mai fitila ya ce awonsa bai rufe ba, ya zauna ya duba littafi. Wannan ya ci minti goma." Na miƙa hannu na cire tsinke ɗaya daga faranti. "Saura biyar. Ba wanda ya ɓata tukuna. Me za ku yi?"

"Ji muguwa," in ji Gwaggo. "Ita ta yi laifi, mu aka ci tara."

Baba ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya miƙo mini tafin hannu.

"Robar."

Na ba shi. Ya goge layin da ya karya dama, ya hure garin, ya jawo fensirin daga gaban Yaya. Ya sake zana ɗakunan biyu a inda suke, yana faɗin kowane awo da baki, yana ɗaga hannun da ya dace kafin ya ja layi. Ya ƙirga hanyar komawa ta inda suka fito.

"Tsinke biyar cif, idan ba a tsaya haƙa ba."

"Na ji," in ji Yaya.

Baba ya dube ni. "Daga yau duk abin da kika faɗa zan maimaita, in ɗaga hannu. Idan baki ya ce hagu hannu ya ɗaga dama, wanda ya gani ya yi magana. Ban da ke."

"Ban da ni."

Ya jefa robata cikin aljihun rigarsa ya danna maɓalli.

"Mun juya baya," ya ce. "Mai Rami, me ke gabanmu?"

"Hanya taku ashirin, sannan ta karya dama."

"Ashirin, dama," in ji Baba. Ya ɗaga hannun dama, ya dube shi, ya rubuta.