Bulo Uku a Ƙarƙashin Mota

Mai faci, kai ka karya wa ɗana ƙafa. Ba mota ba ce, ba tsautsayi ba ne kamar yadda kake gaya wa mutane a bakin rumfarka. Kai ne.

Ina zaune a ƙofar gida aka yi komai. Ran Talata da hantsi autana ya ce zai canja faifan birkin motarsa ta ɗaukar kaya da kansa, don ta fara karkarwa in ya taka. Ya aro jak ɗinka, ya ɗaga gaban motar, ya cire taya, ya kwance notuna ya jera su a murfin bokiti. Tsohon faifan ya ƙi fita, tsatsa ta riƙe shi. Ya zauna a ƙasa, ƙafafu a ƙarƙashin mota, yana bugunsa da guduma.

Sai ga ka.

"Auta, ba ni jak ɗina, ga mai tirela can yana jirana."

"Baba, motar fa a sama take, babu taya."

"Kai dai akwai tsoro kamar farar kura. Ina wannan aiki tun uwarka tana goyonka."

Har ka waiwayo wajena ka ce, "Ko ba haka ba, Inna?"

Kai ka kwaso bulo uku daga kangon maƙwabta, masu rami a ciki, ka ɗora su, ka sauke motar a kai. Ka bubbuga ta da tafin hannu ka ce ko giwa ce za su ɗauka. Ka saɓa jak ɗinka ka tafi. Shi kuma kunya ta hana shi yi wa sa'an ubansa musu.

Da ya koma da gudumarsa, bugu na huɗu faifan ya saki. Bulo ma suka saki.

Mutum shida suka ɗaga motar da katako kafin a jawo shi. Kana jin ihun daga rumfarka, ka ƙarasa facinka tukuna.

Ƙafar dama ce, wadda yake taka birki da ita. Likita ya sa mata ƙarfe, ya ce ko za ta sake taka mota, sai an kwance an gani. Matarsa na da ciki wata bakwai. Motar na nan a karkace inda ta faɗi, sabon faifan ko ledarsa ba a yage ba.

Jiya ka aiko matarka da lemo a leda. Na mayar mata. Ba ita ta ɗora bulo ba.

Ɗana yana asibiti, ɗakin masu karaya, gado na biyu daga taga. Ka zo da ƙafarka, tunda kai taka lafiya lau take. Ka yaye zanen ka duba, sannan ka faɗa a gaban matarsa da 'yan uwansa wanda ya ce bulo sun isa.